Malami Nagari Da Salon Kai A Kiɗan Jita

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, a babban zauren taro na makaranta



Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin shirya wannan taro saboda wannan dama da ya ba ni ta tsayawa a gaban waɗanda suka koya mini karatu da ladabi. Kwamitin ya nemi kowane mai jawabi ya yi magana a kan wani abu da ya koya bayan barinsa wannan makaranta, wanda kuma ba ya cikin takardar digirinsa. Ni dai ma'aikacin gwamnati ne, fayil da wasiƙu su ne abokan hulɗata daga Litinin zuwa Juma'a. Amma yau shekara 11 ke nan ina koyon kiɗan jita irin wanda ake kira na kilasika, kuma a kansa ne zan yi magana.

Na san a cikinmu akwai wanda zai ce a ransa, me ya haɗa ɗan boko mai digiri da kiɗa? Tambaya ce mai tushe, domin a ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, kuma an saba haɗa shi da roƙo da biki. To irin wannan da nake magana a kai ba a roƙo da shi, ba a rawa, galibi ma ba a ɗora masa waƙa. Mutum ɗaya ne zaune a kan kujera da jitarsa, masu sauraro sun yi tsit. Abin da ya sa na zaɓe shi kuwa shi ne wata tambaya da ke cikinsa wadda ta shafi kowane mai neman sani, likita ne ko tela ko malamin aji: ta yaya almajiri zai bi malaminsa sau da ƙafa, amma a ƙarshe ya fito da salon kansa?

Mece ce jitar kilasika?

Jita ce mai tsirkiya 6, uku na nailan zalla, uku kuma an naɗe su da siririyar waya. Ba a haɗa ta da lantarki, kuma da yatsun hannun dama ake kaɗa ta, wato babban yatsa da manuniya da na tsakiya da na zobe. Tsawon tsirkiyarta wajen santimita 65 ne. Makaɗi yakan zauna ya ɗora ƙafar hagu a kan ɗan matashi na katako ko ƙarfe, ya aza jitar a cinyarsa. Kiɗan da ake yi da ita rubutacce ne, ana karanta shi daga takarda kamar yadda ake karanta littafi.

Gidanta na asali shi ne ƙasar Sifen. Wani masassaƙi mai suna Antonio de Torres, wanda ya rayu daga 1817 zuwa 1892 a yankin Almeriya, shi ne ya ba ta siffa da girman da muka san ta da su a yau. Bayansa sai Francisco Tarrega, 1852 zuwa 1909, ya shimfiɗa ƙa'idojin zama da riƙo da kaɗawa waɗanda har yanzu a kansu ake gini. Da yawa daga cikinmu sun sha jin kiɗan Tarrega ba tare da sun sani ba, domin ɗan sautin nan da wayoyin Nokia ke yi idan an kira, daga wani kiɗansa mai suna Gran Vals aka gutsuro shi. Shi ne kuma ya tsara shahararren kiɗan nan na tunawa da fadar Alhambra, wadda sarakunan Musulmi suka gina a birnin Garnada na Andalus.

Ina salo yake a cikin rubutaccen kiɗa?

Mai tambaya zai ce, tun da an riga an rubuta komai a takarda, ina kuma wani salo? Ashe ba kowa abu ɗaya zai kaɗa ba? Amsa ita ce takarda tana faɗin sautin da za a fitar ne da tsawonsa, amma ta bar wa makaɗi abubuwa da dama ya yanke da kansa. Bari in ba da misalai.

Na ɗaya, wurin da yatsa ke taɓa tsirkiya. Idan aka kaɗa kusa da jaki, wato katakon da tsirkiyoyi ke ɗaure a kansa, amon yakan fito da kaifi kamar ƙarar tasa. Idan aka matso bakin ramin jitar, sai ya yi taushi da zaƙi. Na biyu, farce. Tsawonsa da yadda aka goge shi da kusurwar da yake haɗuwa da tsirkiya duk suna sauya amo, kuma babu mutum biyu masu farce iri ɗaya. Na uku, zaɓen tsirkiya. Sautin da tsirkiya ta farko ke bayarwa idan ba a danne ta ba, ana samun shi a gaɓa ta 5 ta tsirkiya ta biyu, da gaɓa ta 9 ta tsirkiya ta uku, da gaɓa ta 14 ta tsirkiya ta huɗu. Sauti ɗaya ne, amma kowane wuri da irin ɗanɗanonsa. Na huɗu, yadda yatsa ke saki: ko dai ya kaɗa ya kwanta a kan tsirkiyar da ke biye, abin da ke ba da amo mai kauri, ko ya kaɗa ya wuce sama, abin da ke ba da amo mara nauyi. Na biyar, inda za a ɗan ja lokaci, da inda za a sassauta murya, da inda za a yi shiru na ɗan numfashi.

A cikin kiɗa na minti uku makaɗi zai yanke irin wannan hukunci sau ɗaruruwa. Idan aka tara hukunce-hukuncen nan, aka ga suna tafiya a kan wata hanya guda wadda mai sauraro zai gane ko da idonsa a rufe, to shi ake kira salo. Ka ga ke nan salo yana bukatar abu biyu: hannun da zai iya fitar da duk waɗannan launuka, da kunnen da zai zaɓa a tsakaninsu. Wanda amo ɗaya kawai ya iya fitarwa bai zaɓi komai ba, abin da ya samu ne ya ɗauka. Hannu da kunnen nan kuwa malami ne ke gina su.

Darasi daga tarihi

Tarrega ya yaye almajirai da dama, amma biyu sun fi shahara, Miguel Llobet da Emilio Pujol. A ƙarshen rayuwarsa Tarrega ya yanke faratansa ya koma kaɗawa da tsokar yatsa, saboda yana neman amo mai taushi. Pujol ya bi shi a kan haka, ya riƙe wannan hanya har ya rasu a 1980, ya kuma rubuta littafin koyarwa mai juzu'i huɗu a kan tafarkin malaminsa. Llobet kuwa da farce ya ci gaba da kaɗawa, ya zaga Turai da Amurka, ya kuma ɗauko waƙoƙin gargajiya na yankinsu na Kataloniya ya mayar da su kiɗan jita. Malami ɗaya, tushe ɗaya, amma murya biyu, kuma babu wanda ya ce ɗayansu ya ci amanar Tarrega.

Sai Andres Segovia, wanda aka haifa a 1893 ya rasu a 1987. Shi ne ya ɗauki jita daga ɗakunan shan shayi ya kai ta manyan zaurukan kiɗa na duniya, ya sa manyan masu tsara kiɗa irin su Villa-Lobos na Birazil suka rubuta masa ayyuka. A zamaninsa ne, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka koma amfani da tsirkiyar nailan maimakon ta hanjin dabba, ta hanyar haɗin gwiwarsa da Albert Augustine a birnin Niyok. Segovia yana da salo mai ƙarfi ƙwarai, kuma ɗalibai daga ko'ina sukan je wurinsa a garin Siyena na Italiya da Santiyago de Kompostela na Sifen.

Ɗaya daga cikinsu shi ne John Williams, haifaffen Melbon ta ƙasar Ostireliya a 1941, wanda mahaifinsa ne ya fara koya masa, aka kuma kai shi gaban Segovia yana ɗan shekara 11. Segovia ya yaba masa har ya kira shi yariman jita. Duk da haka, a littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 2012, Williams ya soki yadda Segovia ke koyarwa, yana ganin yakan tilasta wa ɗalibai su kwaikwayi salonsa maimakon ya taimaka musu su yi tunani da kansu. Wasu ɗaliban Segovia ba su yarda da wannan suka ba, kuma ba ni da hurumin yin alƙalanci a tsakanin manya. Abin lura a nan shi ne gwanin kiɗa daban, gwanin koyarwa daban, ko da yake akan samu wanda ya haɗa biyun. Sa'annan Bahaushe ya riga ya faɗa, kama da wane ba ta wane.

Akwai kuma Agustin Barrios na ƙasar Faraguwai, 1885 zuwa 1944. Malaminsa Gustavo Sosa Escalada ya ɗora shi a kan littattafan Turawa irin na Sor da Aguado tun yana yaro. Da ya ƙware sai ya waiwayi gida, ya riƙa zuba kaɗe-kaɗen mutanen Kudancin Amurka a cikin ayyukansa, har ya ƙara wa kansa sunan Mangore, sunan wani sarkin ƙabila. Segovia bai sa kiɗansa a wasanninsa ba, kuma bayan rasuwarsa an yi kusan mantawa da shi a Turai, sai da Williams ya fitar da faifai sukutum na ayyukansa a 1977. A yau da wuya a sami ɗalibin jita da ba ya burin kaɗa La Catedral ta Barrios.

A nan Afirka muna da Francis Bebey, haifaffen Duwala ta ƙasar Kamaru a 1929, wanda ya yi aikin ofis a hukumar UNESCO a Faris kafin ya ajiye a 1974 ya rungumi kiɗa da rubutu gaba ɗaya. Ya tsara wa jitar kilasika ayyuka masu karin Afirka, kuma bayan rasuwarsa a 2001 Williams ya fitar da faifan kaɗe-kaɗen Afirka wanda ya ɗauki sunansa daga wani kiɗan Bebey. Barrios da Bebey duk sun sha ƙa'ida sun ƙoshi kafin su yi kukan gidansu, kuma saboda haka ne duniya ta saurare su.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Marigayi Musa Ɗanƙwairo ya taso ne a ƙungiyar kiɗan mahaifinsa, ya kuma yi shekaru yana amshi a bayan wansa Kurna kafin ya ja tasa ƙungiya. Wanda duk ya ji muryarsa ya san ba ta kowa ba ce, amma a bayan wani aka horar da ita.

Alamomin malami nagari

Malamina wani dattijo ne, tsohon malamin kiɗa da ya yi ritaya, wanda na haɗu da shi lokacin da nake hidimar ƙasa. Shekara huɗu ina zuwa gidansa kowace Asabar da hantsi. Da aka yi mini canjin wurin aiki sai muka koma darasi ta bidiyo a waya sau ɗaya a wata. Daga zamana da shi, da kuma abin da na gani a wurin wasu, na tsamo alamomi biyar.

Ta farko, malami nagari yana tsananta wa a kan tushe. Wata uku na farko ban kaɗa wani kiɗa da za a iya saurara ba. Zama muke yi, da riƙo, da sakin kafaɗa, da kaɗa tsirkiya ɗaya har amonta ya fito tas. Yakan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan ba ƙa'ida ce ta banza ba, domin wanda ya saba da lanƙwasa wuyan hannu ko matse jita da ƙarfi yana iya jawo wa kansa ciwon jijiya da zai raba shi da kiɗan baki ɗaya. Bidiyo a YouTube zai nuna maka inda za ka sa yatsa, amma ba zai ga kafaɗarka ta ɗage ba.

Ta biyu, yana bayyana dalili. Idan ya ce a sa yatsa kaza a wuri kaza, zai faɗi abin da hakan ke sauƙaƙawa a gaba. Ɗalibin da ya san dalili zai iya warware matsalar da malaminsa bai taɓa nuna masa ba.

Ta uku, yana duban hannun da ke gabansa. Yatsuna gajeru ne, nasa dogaye. Sau da yawa yakan soke tsarin yatsun da aka buga a littafi ya ce mu nemo wanda ya dace da ni. Haka muka yi makonni muna gwada gugar farce har muka dace da siffar da ke ba ni amo mai kyau, wadda kuma ta bambanta da tasa.

Ta huɗu, yana tambaya. A shekara ta uku, muna kan wani darasi daga cikin 25 ɗin nan na Carcassi, sai ya daina kaɗa mini misali kafin in fara. Yakan ce in kaɗa jimla ɗaya ta hanya uku, sa'annan ya tambaye ni, "Ɗana, wacce ka zaɓa, kuma don me?" Idan na ce haka wane yake yi a faifai, sai ya ce, "Wane ya riga ya yi nasa, naka nake jira." Idan kuwa na kawo hujja daga cikin kiɗan, ko da bai yarda da ita ba, sai ya ce in riƙe ta in kare ta.

Ta biyar, ba ya kishin ɗalibinsa ya ji wasu. Shi da kansa ya sa ni in saurari kiɗa guda daga hannun Segovia da Williams da Julian Bream na Ingila, in rubuta bambancin da na ji. Shi ne kuma ya tambaye ni wata rana wane kiɗa na tashi ina ji a gidanmu. Da na ambaci gurmi da garaya da kuntigin marigayi Ɗanmaraya Jos, sai ya ce in kawo masa. Muka zauna muna sauraron yadda Ɗanmaraya ke cika fili da tsirkiya ɗaya tak, ta hanyar kari da nanatawa. Daga nan na soma gane dalilin da ya sa hannuna ke son amo busasshe na kusa da jaki, da kari mai tsayawa daram ba tare da yawan jan lokaci ba. Bai ce in mayar da Sor kiɗan garaya ba. Cewa ya yi in san abin da kunnena ya sha tun ina goye, in san inda ya dace da inda bai dace ba.

Haƙƙin da ke kan ɗalibi

Malami ba zai yi wa ɗalibi atisaye ba. Ni nakan ba jita minti 45 kowace rana bayan na taso daga ofis, kuma na tabbatar minti 30 kullum ya fi awa huɗu ranar Lahadi kaɗai. Akwai darussan hannun dama guda 120 na Giuliani, da darussan Sor da Carcassi, da sauƙaƙan darussan Leo Brouwer na ƙasar Kyuba. Waɗannan su ne tuwon yau da kullum. A riƙa yin su a hankali, domin wanda ya yi atisaye da gaggawa kuskurensa yake hardacewa. A riƙa ɗaukar sautin kai a waya ana saurara, domin kunnen mai kaɗawa yakan yi masa ƙarya lokacin da hannu ke aiki.

Kwaikwayo kuma ba laifi ba ne a farkon tafiya, da shi yaro ke koyon magana. Inda matsala take shi ne a tsaya a nan. Haka nan akwai ɗaya gefen, wato ɗalibin da bai cika shekara ba amma da an gyara masa kuskure sai ya ce ai salonsa ke nan. Gwajin da malamina ya ba ni a kan wannan mai sauƙi ne: idan kana iya kaɗa shi yadda aka rubuta, sa'annan ka zaɓi wata hanya, wannan salo ne. Idan ba ka iya ba, wannan gazawa ce, a koma atisaye.

Ga ƙannena masu sha'awa, ku fara da izinin iyaye, kuma kada jita ta ci lokacin karatu. Wajen neman malami a tambaya a sassan koyar da kiɗa na jami'o'i da kwalejojin ilimi, da makarantar kiɗa ta MUSON da ke Onikan a Legas. Akwai kuma jarrabawar hukumar ABRSM ta Ingila mai mataki 1 zuwa 8, wadda ke taimaka wa mutum ya auna ci gabansa. Kafin ka miƙa wuya ga malami, nemi ka saurari ɗalibansa biyu ko uku. Idan duka amonsu mai tsabta ne kuma zamansu daidai, malamin ya iya tushe. Idan kuma kowannensu da irin muryarsa, to ka sami wanda kake nema, ka riƙe shi da kyau, ka biya shi haƙƙinsa a kan lokaci.

Kammalawa

Ya Shugaba, ina da roƙo guda biyu. Na farko ga ƙungiyarmu: a cikin ayyukan da muke yi wa wannan makaranta, a duba yiwuwar sayen jita ko da biyar ne da ɗaukar malamin wucin gadi, domin a farfaɗo da kulob ɗin kiɗa a ƙarƙashin kulawar hukumar makaranta. Ni na ɗauki alkawarin jita ɗaya da littattafan farawa. Na biyu ga 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai waɗanda yanzu muke da na ƙasa da mu a ofisoshi da asibitoci da azuzuwa: mu tsananta a kan tushe, mu faɗi dalili, sa'annan idan lokaci ya yi mu tambayi yaro ra'ayinsa mu kuma saurara. Wanda ya yaye mutum goma duka suna magana da bakinsa, ranar da ya tafi an rasa mai amsa sabuwar tambaya.

Ga iyayenmu malamai da ke zaune a nan, ku duba wannan zaure. Allo ɗaya kuka rubuta mana, jarrabawa ɗaya muka zauna, amma ga injiniya, ga alƙali, ga manomi, ga ɗan jarida, kowa da tafarkinsa. Wannan shaida ce a kan irin koyarwar da kuka yi mana. Allah Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ɗaukaka wannan makaranta.